Darasi na 14: Yadda Hanji Yake Tsotse Ruwa da Gishiri, da Yadda Yake Fitar da Su

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ku iya bayyana yawan ruwan da ke ratsa hanjin mutum a kowace rana, da hanyar da hanji yake bi ya mayar da shi cikin jini. Ana kuma so ku gane abin da ke faruwa idan wannan aiki ya lalace, da dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari yake ceton rai.

Ruwa a Mpape

Mpape gari ne da ke kan duwatsu a Ƙaramar Hukumar Bwari, cikin Babban Birnin Tarayya, kusa da unguwar Maitama ta Abuja. Gbagyi ne mazaunansa na asali, amma yau mutane daga kowane ɓangare na Najeriya suna zaune a can. An san garin da wuraren fasa dutse. Tun da ƙasar dutse ce, haƙa rijiya yana da wuya, kuma gidaje da yawa ba su da famfo. Saboda haka mutane da dama suna sayen ruwa daga 'yan garuwa, waɗanda ke tura kura cike da jarkoki daga rijiyoyin burtsatse zuwa ƙofar gida.

Mutumin da yake sayen ruwa da kuɗinsa ba ya wasa da shi. Yana auna na sha, da na girki, da na wanka. Jikinku ma haka yake yi. Yana zuba ruwa mai yawa a cikin hanji domin narkar da abinci, sannan ya karɓe kusan dukkansa, ya sake amfani da shi. Bari mu fara da lissafi.

Lita tara a kowace rana

Babban mutum yakan sha kimanin lita 2 na ruwa a rana, idan aka haɗa da ruwan da ke cikin abinci. Amma ruwan da ke shiga hanji ya fi haka nesa, domin jiki da kansa yana ƙara nasa:

Ruwan sha da na abinci: kimanin lita 2
Miyau: kimanin lita 1.5
Ruwan tumbi: kimanin lita 2
Ruwan matsarmama, wanda hanta ke yi: kimanin rabin lita
Ruwan fankiriyas: kimanin lita 1.5
Ruwan da ƙaramin hanji yake fitarwa da kansa: kimanin lita 1.5

Jimilla ta kama kimanin lita 9. Ledar ruwa ɗaya da kuke saya a hanya rabin lita ce. Ke nan ruwan da ke bi ta hanjinku a rana ɗaya ya kai leda 18, ko kuma kusan rabin jarka mai cin lita 20.

To, nawa ne yake fita a bayan gida? Mililita 100 zuwa 200 kawai, wato bai kai rabin leda ɗaya ba. Sauran duka ya koma cikin jini. Ƙaramin hanji ne yake yin mafi yawan aikin, yana tsotse kimanin lita 7 zuwa 8. Abin da ya rage, kimanin lita ɗaya da rabi, sai ya wuce zuwa babban hanji, shi kuma ya tsotse kusan dukkansa.

Ƙirar hanji

Tsawon ƙaramin hanji ya kai kimanin mita 6, na babban hanji kuwa kimanin mita ɗaya da rabi. Ana kiran na farko ƙarami ne saboda siririntakarsa, ko da yake ya fi tsawo.

Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Bangonsa yana da ninki-ninki, kuma a kan kowane ninki akwai miliyoyin ƙananan tsirai masu kama da 'yan yatsu. Ku duba tawul ɗin wanka: zaruruwan da suka miƙe a kansa ne suke sa ya fi yadi mai santsi shan ruwa. Haka waɗannan 'yan yatsu suke ƙara faɗin wurin da zai taɓa abinci. Da za a shimfiɗa cikin ƙaramin hanji gaba ɗaya, faɗinsa zai kai kimanin murabba'in mita 30, wato ya fi ɗakin kwana girma.

A gindin 'yan yatsun akwai ƙananan ramuka. Ku riƙe wannan rabon aiki da kyau, domin shi ne ginshiƙin darasinmu: ƙwayoyin halittar da ke kan 'yan yatsu sun fi yin aikin tsotsewa, waɗanda ke cikin ramuka kuwa sun fi yin aikin fitarwa. Sababbin ƙwayoyin halitta suna fitowa daga ramuka, su hau zuwa saman 'yan yatsu, su zube bayan kwana 3 zuwa 5. Da haka hanji yake sabunta bangonsa a kai a kai.

Gishirin jiki

Idan kun zuba gishirin miya a ruwa, yakan narke ya rabu gida biyu: sodiyam da kuloraid. Ban da su, akwai fotasiyam, wanda ake samu da yawa a ayaba, da lemo, da wake, da ruwan kwakwa. Akwai kuma bayikabonet, wanda ke hana jini yin tsami. Waɗannan sinadarai suna ɗauke da ƙarfin lantarki ɗan kaɗan idan sun narke. A wannan darasi za mu kira su gishirin jiki.

Da su ne jijiyoyi suke aika saƙo, da su ne tsoka take motsi, da su ne kuma zuciya take bugawa daidai. Idan fotasiyam ya yi ƙaranci, tsoka takan yi rauni, bugun zuciya ya rikice. Idan bayikabonet ya zube, jini yakan yi tsami, mara lafiya ya riƙa jan numfashi mai zurfi da sauri.

Ruwa yana bin gishiri

Hanji ba shi da famfon da ke tura ruwa kai tsaye. Abin da yake turawa shi ne gishiri, ruwa kuma ya bi bayansa. Kun san wannan ƙa'ida daga kicin. Idan kun yanka albasa ko tumatir kuka barbaɗa musu gishiri, bayan ɗan lokaci za ku ga ruwa ya fito. Ruwa yakan bar wurin da gishiri yake kaɗan, ya tafi wurin da gishiri yake da yawa.

Ga yadda hanji yake amfani da wannan ƙa'ida, mataki-mataki.

Na farko, kowace ƙwayar halitta ta bangon hanji tana da fuska biyu: ɗaya tana kallon abinci, ɗaya tana kallon jini. A fuskar da ke kallon jini akwai wani ƙaramin famfo da ke aiki dare da rana. Duk lokacin da ya juya, yana fitar da sodiyam 3 zuwa wajen jini, ya shigo da fotasiyam 2.

Na biyu, tun da famfon yana kwashe sodiyam koyaushe, cikin ƙwayar halittar yakan kasance da ƙarancin sodiyam. Saboda haka sodiyam ɗin da ke cikin abinci yana neman hanyar shiga.

Na uku, a fuskar da ke kallon abinci akwai ƙofofi iri-iri. Wasu suna shigar da sodiyam da kuloraid. Akwai kuma wata ƙofa ta musamman da ba ta buɗewa sai sodiyam ya zo tare da gulukos, wato sukarin da jiki ke samu bayan narkar da tuwo, ko shinkafa, ko burodi. Ta wannan ƙofa, sodiyam 2 suke shiga tare da gulukos 1.

Na huɗu, da sodiyam ya ratsa zuwa wajen jini, sai kuloraid ya bi shi, ruwa kuma ya bi su biyun.

Wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Crane ne ya fara bayyana yadda sodiyam da gulukos suke shiga tare, a wani taro da aka yi a birnin Prague a shekarar 1960. Kada ku manta da wannan ƙofa, za mu komo gare ta.

Aikin babban hanji

Abin da ke isa babban hanji ruwa-ruwa ne. Babban hanji yana tsotse sodiyam da kuloraid da ruwa sannu a hankali, har abin ya yi tauri. Yana kuma fitar da ɗan fotasiyam da bayikabonet. Idan jiki ya rasa gishiri, kamar lokacin da mai fasa dutse ya yini cikin rana yana gumi, wani sinadari mai suna aldosteron yakan umarci ƙoda da babban hanji su ƙara riƙe sodiyam.

Babban hanji yana iya ƙara ƙoƙari idan ruwa ya yi masa yawa, amma yana da iyaka: kimanin lita 4 zuwa 5 a rana. Idan abin da ya iso gare shi ya wuce haka, sai gudawa ta biyo baya. Idan kuma abinci ya daɗe a cikinsa fiye da kima, yakan tsotse ruwa da yawa, bayan gida ya yi tauri ya ƙi fita.

Me ya sa hanji yake fitar da ruwa?

Fitar da ruwa ma aiki ne na lafiya. Abinci ba ya narkewa a bushe, kuma ruwan yana wanke ƙwayoyin cuta daga bangon hanji. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ramuka suna da ƙofar kuloraid. Idan ta buɗe, kuloraid ya fita zuwa cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su. Ƙa'idar ɗaya ce, sai dai hanyar ta juya. A jikin mai lafiya, ƙofar tana buɗewa kaɗan ta rufe, kuma abin da 'yan yatsu suke tsotsewa ya fi abin da ramuka suke fitarwa.

Idan ma'auni ya karkace

Gudawa takan zo ta hanyoyi da dama, amma za mu duba biyu.

Hanya ta farko: wani abu da hanji bai iya tsotsewa ba ya zauna a cikinsa, ya jawo ruwa. Misali, manya da yawa ba sa iya narkar da sukarin da ke cikin ɗanyar madara sosai, shi ya sa take ɓata musu ciki. Irin wannan gudawa takan tsaya idan mutum ya daina shan abin.

Hanya ta biyu: wata guba ta tilasta wa ramuka su yi ta fitar da ruwa. Babban misali shi ne kwalara, wadda Hausawa suke kira amai da gudawa. Ƙwayar cutar tana shiga ciki ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Ba ta shiga jini, ba ta kuma huda bangon hanji. Tana manne wa bangon ne ta saki guba. Gubar tana sa ƙofar kuloraid ta tsaya a buɗe, tana kuma toshe ƙofofin da ke shigar da sodiyam da kuloraid. Wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, shi ne ya tabbatar da akwai wannan guba, a birnin Kalkata a shekarar 1959.

Sakamakon haka, babban mutum mai kwalara mai tsanani yana iya zubar da kusan lita ɗaya a cikin awa ɗaya. Bayan gidansa yakan yi fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa da shi. Idan ba a mayar masa da ruwan da ya rasa ba, yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan.

Kwalara ta shigo Najeriya a shekarar 1970, kuma tun daga lokacin takan ɓarke, musamman da damina. A shekarar 2021, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 kuma suka rasu. Jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara suna cikin waɗanda suka fi shan wahala, kuma cutar ta taɓa Babban Birnin Tarayya. Duk wurin da jama'a suka yi yawa, ruwan famfo ya yi ƙaranci, ruwan sama kuma yake gangaro da ƙazanta daga kan tudu zuwa kwari, yana bukatar kula sosai.

Ƙofar da guba ba ta rufe ba

Yanzu ku tuna ƙofar da sodiyam yake shiga tare da gulukos. Gubar kwalara ba ta lalata ta. Saboda haka, idan aka ba mara lafiya ruwa mai ɗauke da gishiri da sukari a ma'aunin da ya dace, sodiyam zai shiga tare da gulukos, ruwa kuma ya bi su zuwa jini, ko da gudawar ba ta tsaya ba tukuna.

A shekarar 1968, likitoci biyu, David Nalin da Richard Cash, sun gwada wannan magani a birnin Daka, suka ga yana aiki. A shekarar 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya. Ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya ya yi ƙaranci. Sai likita Dilip Mahalanabis ya sa aka haɗa gishiri da sukari a cikin manyan duro, dangin majinyata suka riƙa ba su da kofi. Masu mutuwa suka ragu daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe muƙamin Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen koya wa iyaye mata wannan magani.

Yau ana sayar da garin a ƙananan fakiti masu suna ORS, a kemis da asibitoci. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi na lita ɗaya ya ƙunshi giram 2.6 na gishiri, giram 13.5 na gulukos, giram 1.5 na gishirin fotasiyam, da giram 2.9 na sitiret, wanda ke gyara tsamin jini.

Abin da za ku yi

Ku wanke hannu da sabulu. Ku karanta fakitin ku ga yawan ruwan da aka rubuta. Idan na lita ɗaya ne, ku zuba shi duka a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato daidai leda biyu. Idan babu fakiti, ku zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, kuma kada cokalin ya yi tozo. Gishiri mai yawa yana cutar da yaro, sukari mai yawa kuma yana jawo ruwa zuwa cikin hanji, ya ƙara gudawa. Wannan ne dalilin da ya sa lemon kwalba bai dace da mai gudawa ba. Ruwa zalla kuma ba ya mayar da gishirin da ya zube.

Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa. Daga shekara 2 zuwa 10, a ba shi mililita 100 zuwa 200. Babba ya sha iyakar abin da yake iyawa. Idan yaro ya yi amai, a dakata minti 10, sannan a ci gaba da cokali-cokali. Kada a daina ba shi nono ko abinci. Ana kuma ba yara ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Ruwan da aka haɗa, idan ya wuce awa 24, a zubar a haɗa sabo.

Ku garzaya asibiti nan take idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu: idanu sun faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, fatar ciki ba ta komawa da sauri idan an tsunkule ta, fitsari ya ɗauke, akwai jini a bayan gida, bayan gida ya yi kama da ruwan shinkafa, ko mara lafiya ya kasa sha. Idan yana iya haɗiya, ku ci gaba da ba shi ruwan a kan hanya.

Rigakafi ya fi magani. Ku tafasa ruwan sha ko ku sa masa sinadarin kulorin. Ku wanke jarka da randa, ku rufe su, kada kuma ku tsoma hannu ko kofi mai datti a ciki.

Sababbin kalmomi

tsotse: janye ruwa duka zuwa ciki
narke: zama ruwa, ko ɓacewa a cikin ruwa
miyau: ruwan baki, ana kuma cewa yawu
matsarmama: 'yar jakar da ke jikin hanta, mai ɗauke da ruwa mai ɗaci
gurɓata: sa ƙazanta a abu mai tsabta
maɗiga: wuri mai laushi a tsakiyar kan jariri
ɗan garuwa: mai sayar da ruwa gida-gida
tozo: tudun da ke bayan sa, ana cewa cokali ya yi tozo idan an cika shi har ya yi tudu

Nahawu

Ku lura da waɗannan aikatau: shiga da shigar da, fita da fitar da, narke da narkar da, sha da shayar da. Na farko yana nuna abu ya yi aikin da kansa. Na biyu yana nuna wani ne ya sa aikin ya faru. Misali: Gishiri ya narke. Ruwa ya narkar da gishiri. Ku yi jimla biyu-biyu da sauran aikatau ukun.

Tambayoyi

1. Lita nawa ne na ruwa suke shiga hanji a rana, kuma daga ina suke fitowa?
2. Mene ne bambancin aikin 'yan yatsun hanji da na ramuka?
3. Ku bayyana ma'anar “ruwa yana bin gishiri”, ku kawo misali daga kicin.
4. Wace illa gubar kwalara take yi wa hanji?
5. Me ya sa ake haɗa sukari da gishiri, ba a ba da gishiri shi kaɗai ba?
6. Ku lissafa alamu huɗu da ke nuna dole a kai mara lafiya asibiti.

Aikin gida

Ku bi sawun ruwan da ake sha a gidanku, tun daga inda ake ɗebo shi har zuwa kofi. Ku rubuta sakin layi biyu da Hausa: na farko ya nuna wuraren da ruwan zai iya gurɓacewa, na biyu ya faɗi abin da za ku iya yi a kowane wuri domin kare shi.